Yoga ta shigo mana ta waya: da wace tiya za mu auna amfaninta?



Maganar da muka ɗauko yau, a jin farko za a ce ba tamu ba ce. Yoga. Kowace shekara, ranar 21 ga watan Yuni, ana nuna hotunan mutane bisa tabarmi a manyan biranen duniya suna miƙa, suna lanƙwasa jiki, har da Yamai inda ofishin jakadancin Indiya ke shirya bukin. Mu kuwa ranar takan iske mu a gona, ko ana shuka, ko ana duban gabas ana jiran hadari. Wani zai ce: mutumin da ke riƙe da sungumi tun safe, me ya haɗa shi da yoga?

Waya ce ta haɗa mu. Yau babu ƙauyen da bidiyon WhatsApp, Facebook ko TikTok ba ya isa. A ciki sai ka ga wani yana zaune, ya ja numfashi, ya saki, ana ta bayani cewa wannan yana maganin hawan jini, ciwon suga, ciwon baya da rashin barci. Ɗa na ƙwarai da ke ci-rani ya gani, ya tuna tsohonsa da ke fama da tansiyo a gida, ya tura masa da kyakkyawar niyya. In an tsaya nan, babu laifi. Matsalar tana farawa ne ranar da tsohon ya ce tunda ya samu wannan, ya huta da sayen ƙwaya kowane wata.

Akwai dalili na biyu. Yankinmu ya saba da furoje. Mun ga na noma, na ruwa, na tamowa, na mata. Tunda cututtukan manya suna ƙaruwa kuma hukumomin lafiya na duniya suna ƙara maganar motsa jiki, ba abin mamaki ba ne gobe mota ta tsaya ƙofar maigari da shirin horar da manya atisaye, ko sunansa yoga ko wani suna. To ranar nan, me za mu tambaya? Ba mai sayen hatsi a kasuwa ya yarda da "ai buhun ya cika", sai an kawo tiya. Ita ce muke so mu nema yau.

Daga ina abin ya fito

Yoga tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Indiya, tana da tushe cikin addinai da falsafar can. Wadda ta bazu a duniya yau ta haɗa abu uku: tsayuwa da zama iri iri masu miƙe jijiya, sarrafa numfashi, da natsuwa. Gwamnatin Indiya ce ta tura ta gaba da ƙarfi. A watan Nuwamba na 2014 ta kafa ma'aikata guda, AYUSH, mai kula da yoga da magungunan gargajiya. Ranar 11 ga Disamba na shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar yoga ta duniya, ƙasashe 177 suka sa hannu a kan ƙudurin, aka yi bukin farko a 2015. A 2021 hukumar lafiya ta duniya OMS da Indiya suka fitar da manhajar waya mai suna mYoga, a 2022 kuma aka aza tubalin cibiyar OMS ta magungunan gargajiya a garin Jamnagar.

Mun kawo wannan ne don a gane cewa yoga tana da manyan masu tallata ta. Indiya ƙawar Nijar ce, ita ta gina babban zauren taro na Mahatma Gandhi da aka buɗe a Yamai a watan Janairu na 2020. Amma yawan masu talla ba shi ne awo ba. Ƙasa tana tallata al'adarta, haƙƙinta ne. Namu haƙƙin shi ne mu tambaya: a jikin mutum, me aka gani?

Abin da bincike ya gano

An yi gwaje-gwaje da yawa, kuma abin da suka nuna bai kai abin da bidiyo ke faɗa ba, bai kuma zama banza ba.

A kan ciwon baya mai daɗewa, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara bincike ta tace, ta haɗa gwaji 21 da suka shafi mutum 2,223 a 2022. Ta ce mai yin yoga yakan ɗan fi wanda ba ya motsa jiki sam samun sauƙi, amma sauƙin kaɗan ne. Da aka kwatanta yoga da sauran atisayen baya, bambancin kusan babu. Wato amfanin yana cikin motsin, ba cikin sunan ba.

A kan hawan jini, wani nazari na 2019 da ya haɗa gwaji 49 ya nuna lambar sama tana sauka da kimanin 5 a ma'aunin da ake cewa 140. A likitocinmu ba 140 ake ce maka ba, 14 ake cewa. Kenan saukar rabin lamba ce. Wanda tansiyonsa yake 14 da ɗoriya, rabin lamba abin so ne. Wanda nasa yake 18, in ya koma 17 da rabi, har yanzu yana bakin rami.

A kan ciwon zuciya, a Indiya kanta aka yi gwaji mafi girma, a asibitoci 24, da majinyata 3,959 waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya. An buga sakamakon a 2020. Waɗanda aka koya wa yoga sun fi jin daɗin jikinsu, sun fi saurin komawa harkokinsu. Amma a kan mutuwa da sake faɗuwa, bambancin bai kai yadda masu binciken za su ce yoga ce ta kawo shi ba. Kuma a lura: duk majinyatan suna shan maganinsu. Ba a ce wa kowa ya ajiye ƙwaya ya riƙe tabarma ba.

Ga taƙaitawa a harshen kasuwa: yoga kayan miya ce, ba tuwon ba.

Ciwon da ke kwance cikin gidajenmu

Me ya sa muka damu har haka? Domin hawan jini ya daina zama ciwon alhazan birni. Rahoton OMS na 2023 ya ce masu shi a duniya sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1 da miliyan 300. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun magani yadda ya kamata. A nan Nijar, binciken STEPS da aka yi a 2007 da 2021 ya nuna aƙalla babba ɗaya cikin biyar yana ɗauke da shi. Ku ƙirga manyan da ke sahu ɗaya a masallacin unguwarku, sai ku raba.

Ciwo ne marar hayaniya. Mutum yana noma, yana cin tuwo, yana dariya, ran nan a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu. Mu ce iska ta buge shi. A kai shi wurin mai rubutu, a kai shi wurin mai saiwa, sai an makara a nufi Maradi. Wani ƙoda ce za ta lalace, wankin ƙoda kuwa sai an bar gida an tare a babban birni. Magidanci ɗaya in ya kwanta, gona ta kwanta, a sayar da bisashe, wani lokaci a jinginar da gonar kanta, ɗan da ke Libiya ya aiko da abin da ya tara na aure. Wanda ya taɓa jinyar shanyewar ɓarin jiki ya san abin da muke faɗa.

Tsarin lafiyarmu kuwa an gina shi ne bisa yara da mata masu ciki, kuma da dalili. Tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne. Mace mai ciki ana ɗaura mata abin awon tansiyo a CSI. Da ta daina haihuwa, shi kenan, ba mai sake ɗaura mata. Namiji ɗan shekara 50 zai iya kai wa kabari ba a taɓa auna shi ba. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da ya soma aiki ranar 1 ga Satumba na 2024 ya rage nauyin ganin likita, amma maganin hawan jini na kullum ne, har ƙarshen rai, kuma daga aljihu yake fita. Shi ya sa duk wanda ya zo da "magani kyauta, numfashi kawai" zai samu masu saurare. Talauci ne ke buɗe masa kunne.

"Ai mu noma ya ishe mu"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba mu, kuma rabinta gaskiya ce. OMS ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, wato irin wanda ke sa numfashi ya ɗan hau amma kana iya magana. Ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su riƙa atisayen daidaita tsayuwa kwana uku don gudun faɗuwa. A lissafin da ta fitar a 2024, kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa cika wannan. Matar da ke daka, ta ja ruwa a rijiya, ta ɗauko itace, ta wuce minti 150 tun ranar Talata. Manomi a damina haka. Waɗannan ba ƙarin motsi suke nema ba. Abin da ke damunsu shi ne baya, gwiwa da wuya, saboda duƙo da ɗaukar kaya. A nan ne miƙe jiki a hankali zai iya yi musu rana.

Ɗaya rabin kuwa, mu duba gari da kyau. Mai shago a bakin babbar hanya daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, daga safe har isha yana zaune. Tela, malamin makaranta, ma'aikacin ofishin magajin gari, direba, ɗan kabu-kabu, duk zama ne. Tafiyar da iyayenmu ke yi a ƙasa zuwa kasuwar Cadawa, yau babur ke yin ta. Injin niƙa ya rage daka a manyan garuruwa, mun gode Allah, amma ba a maye gurbin motsin ba. Manomin ma, daga an ɗaure damma an sa a rumbu, wata nawa yake yi a fada, shayi na farko, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa? Ga dunƙulen miya da gishiri. OMS ta ce kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule.

Saboda haka tambayar farko ga kowane shirin motsa jiki ita ce: wa ake nufi? Shirin da ya tara matan da suka kwana suna aiki ya ce su yi tsalle, ya ɓata musu lokaci. Shirin da ya bar masu zaman shago da dattawan fada, ya kauce wa masu buƙata.

Tiyar da za mu riƙe

Mu a wannan yanki mun san awo. Kowace uwa ta san ɗan igiyar nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a dantse: kore lafiya, rawaya a kula, ja a gudu likita. Ba a cewa yaro ya warke daga tamowa don an ɗauki hotonsa yana murmushi. Irin wannan tsanani muke so a yi wa shirin manya.

Da farko, a auna kafin a soma. Tansiyo, nauyi, faɗin ƙugu, sukari in da hali, da tambaya mai sauƙi: kwana nawa cikin watan jiya ciwon baya ya hana ka aiki? A rubuta da suna a littafi, littafin ya zauna a CSI, ba a cikin motar furoje ba. Awon tansiyo kuma yana da ƙa'ida: mutum ya zauna ya huta minti biyar, kuma ba a yanke hukuncin hawan jini sai an samu 14 da 9 ko sama a ranaku biyu daban. Wanda ya taka daga ƙauye cikin rana aka auna shi nan take, lambarsa za ta hau. In bayan wata uku aka auna shi yana hutawa a inuwa, za ta sauka, a ce aikin yoga ne, alhali aikin inuwa ne.

Sannan a samu abin kwatance. In an yi shirin a ƙauye ɗaya, a riƙa auna mutanen wani ƙauye makamancinsa da ba a soma ba tukuna. Manomi ya san wannan: ba ka cewa taki ya yi aiki sai ka bar kunya biyu babu taki ka gani. A kuma kula da lokaci. Jikin manomi a watan Agusta, ga aiki ga ƙarancin abinci, ba ɗaya yake da jikinsa a watan Fabrairu ba. Wanda ya auna a rani ya sake aunawa a damina, yanayi ya auna, ba shirinsa ba.

A ƙirga waɗanda suka bari. In mutum 60 suka soma, 15 suka kai ƙarshe, rahoton da ya ce "duk mahalarta sun ji daɗi" yana maganar 15 ne. Sauran 45 ɗin su ne labarin. Me ya kore su? Nisa, aiki, kunya, ciwo, ko maigida ya hana?

A tambayi wa ya horar da mai horarwa. Kwas na kwana uku a otal ba ya sa mutum ya san abin da zai yi da dattijuwa mai ciwon gwiwa. Akwai motsin da ke da haɗari: kifa kai ƙasa ga mai hawan jini da ba a daidaita ba ko mai hawan jinin ido, riƙe numfashi da ƙarfi, murɗa baya ga tsoho, wasu kwanciya ga mai ciki. A zafin watan Afrilu da Mayu, in ba da sassafe ko bayan la'asar ba, ba a fara ba. Shirin kirki yana da littafin da ake rubuta wanda ya ji rauni, kuma majo na CSI ya san da zamansa.

A tambayi ina ake kai wanda aka samu da ciwo. Wannan ita ce babbar tambaya a wurinmu. Duk shirin da zai auna manya 100 zai tarar da masu hawan jini da ba su sani ba. In ya ce musu "ku ci gaba da numfashi", ya cuce su. In ya ba su takarda zuwa CSI, ya bi sawu ko sun je, ko akwai maganin a farmasi, to ko atisayen bai yi komi ba, shirin ya ceci rai.

A ƙarshe, a tambayi kuɗi. Nawa aka kashe a kan kowane mutum, kuma da an sayi na'urar awon tansiyo da batir an ba kowane gidan likita na ƙauye, an horar da ƴan rele, wanne ya fi? Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana da sashen koyon aikin lafiya. Ɗalibanta suna neman abin da za su rubuta a kai. Ya fi kyau su ne za su auna, ba wanda ya ci kuɗin shirin ya auna kansa ba.

Maganar addini

Ba za mu tsallake ta ba, domin ita ce farkon abin da dattawa za su tambaya. Yoga tana da asali a ibadar wasu, kuma wasu nau'o'inta suna ɗauke da kalmomin da ake rerawa da gaisuwar rana. Ƙasashen Musulmi sun sha muhawara a kai. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta hana wadda ke da rerawa da ibada, ta bar wadda ke motsa jiki zalla. Saudiyya kuma ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017.

Hukunci na malamanmu ne, ba na gidan radiyo ba. Abin da za mu ce shi ne: duk mai kawo shiri ya fara zama da liman da maigari, ya nuna musu kowane motsi da kowace kalma, kada a ɓoye komi. Kuma tunda bincike ya nuna amfanin yana cikin motsin, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba bai yi asarar komi ba in ya zaɓi tafiyar ƙasa da miƙe jiki. Ga mata kuma, mace ce za ta koyar, cikin gida ko wurin da ke da sutura. Ba sai an ƙirƙiri sabon taro ba: ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a nan jahar Maradi a 1991, suna haɗuwa kowane mako don zubin asusu. Minti ashirin kafin a buɗe akwati ya isa, kuma nan ne ya fi dacewa a riƙa awon tansiyo.

Darasin sassabin zamani

Muna da misali a ƙofar gida na yadda ake gane shirin da ya kama ƙasa. A tsakiyar shekarun 1980, bayan fari, aka soma koya wa manoman jahar Maradi barin kututture su tofo a gona, abin da muke kira sassabin zamani. Da fari an haɗa shi da rabon abinci. Da rabon ya tsaya, mutane da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki, suka ga abincin bisashe, suka ga iska ta daina binne shuka. Maƙwabta suka gani da idonsu suka ɗauka. Daga baya furojen PPILDA na Agye ya ƙarfafa aikin, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itatuwa, yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar.

Abin ya zauna ne domin ba ya cin kuɗi, amfaninsa ana ganinsa, kuma mutanen gari ne ke riƙe da shi. Shirin motsa jiki ma haka. In ana ba da kuɗin zama da riga mai tambari, fili zai cika. Awon gaskiya shi ne a dawo bayan wata shida da tafiyar mota, ba sanarwa, a ga mutum nawa ke yi.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a manta da su ba. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ke karɓar ƴan uwanmu da suka gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, wasu an zaunar da su a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mutumin da ya ga abin da suka gani, barci yana yi masa wuya. Zama cikin jama'a, numfashi a hankali da natsuwa suna iya rage masa nauyin zuciya. Amma shi ma a auna: yana barci? Yana cin abinci? Kuma wanda damuwarsa ta yi tsanani, ma'aikacin lafiya yake buƙata, ba tabarma kaɗai ba.

Ga ku da ke nesa

Ku ne kuka fi kowa tasiri a wannan magana, domin abin da ɗa ya turo daga waje, tsoho yana ɗaukarsa da daraja. Muna roƙonku abu kaɗan.

Kafin ku tura bidiyo, ku kira ku tambaya: Baba, yaushe rabonka da a auna ka? Inna, nawa aka ce lambarki? In amsar ita ce "ban taɓa ba", to aiken farko shi ne kuɗin babur zuwa CSI. In an riga an ɗora su a kan magani, ku ware kuɗinsa daban cikin abin da kuke aikowa ta Nita ko Amana, ku damƙa wa wanda zai saya a farmasi, ba a tiren mai yawo a kasuwa ba. Ku faɗa musu da bakinku cewa ba a barin maganin hawan jini don an ji sauƙi, sauƙin nan aikin maganin ne. Ƙungiyoyinku na ƴan gari ɗaya da ke tara kuɗin gyaran masallaci da rijiya, su sa na'urar awon tansiyo cikin lissafi, a tuntuɓi majo a ji irin wadda ta dace da wanda zai riƙe ta.

Bayan wannan, ku turo bidiyon miƙe jiki in kuna so, mai sauƙi, wanda tsoho zai iya yi yana zaune ko yana dafe da bango. Ku ce ya nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ya soma.

Mu da ke gida kuma, ba sai mun jira mota ba. Ƙasar da ta haifi Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin kokowa a 1975, ba a koya mata darajar jiki mai ƙarfi. Illa dai mun bar wa samari, kamar dattijo ba shi da jiki. Mai shago ya rufe na minti talatin bayan asuba ya taka. Ƴan fada su rage cokali ɗaya na sukari, su zaga gari kafin a ɗora buta. Uwargida ta rage dunƙule, ta ƙara daddawa. Magajin gari da kwamitin kula da CSI su sa rana ɗaya a wata, ranar kasuwa, a ajiye tebur a inuwa a auna duk babban da ya zo.

Wanda ya zo mana da yoga, ko da wani atisaye, muna yi masa maraba, a ba shi ruwa ya sha. Sannan a ce ya fito da littafin awonsa, ya faɗi inda zai kai marar lafiya, ya faɗi abin da zai rage bayan tafiyarsa. In ya amsa, a shimfiɗa tabarma.

Muna jiran saƙonninku da kiranku, musamman daga waɗanda ke shan maganin hawan jini da masu jinyar iyaye: nawa yake cin muku a wata, kuma a ina kuke samunsa? Za mu tattara mu kai wa hukumomin lafiya na gundumominmu uku, mu dawo muku da amsarsu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.